Ina ba tumakina maganin tsutsa duk wata, amma haɓarsu na kumbura suna mutuwa

Maman Nafisa, unguwar Zariya, Maradi

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ni malamar firamare ce, bana shekarata 19 da alli a hannu. Kiwo kuwa da kuɗin adashi na fara shi a 2016, na sayi tunkiya biyu, Balami ɗaya fara sol, da wata Uda mai baƙin gaba da farin baya. Allah ya sa albarka, na sayar da wasu na yi wa yara hidima, na yanka wasu layya, kuma da damina ta sauka bana ina da 13 har da 'ya'yansu. Yau da nake wannan rubutu saura 10.

Bari in faɗi yadda nake kiwon, don kada a yi ta tambayata. Da rani suna cikin gida, harawar wake, dusar gero, karan dawa da nake sa a sassara musu, da 'yar kanwa a rabin tano. Da ruwa ya zauna ciyawa ta tsiro, ɗan ƙanen maigidana da ke zaune wajenmu yakan kora su bayan sallar asuba zuwa wani fili na danginsu da ba a noma ba, can gangaren gulbi, ya kafa musu turaku ya ɗaure, kafin azahar ya dawo da su. Filin yana da 'yar kwari a tsakiya inda ruwa ke kwanciya, ciyawar wurin ta fi ko'ina kyau, nan yake ɗaure su kullum.

Abin da na gani: ba tari, ba majina, ba zawo. Suna cin abinci har ranar da za su kwanta. Sai dai ka ga tunkiya tana zama baya in ana tafiya, tana haki, da yamma kuma ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa a leda, in ka taɓa lushi-lushi, da safe ya ɗan saɓe. Ta farko da ta mutu ita ce mai tagwaye, mako biyar da haihuwa. Bayan kwana tara ɗaya daga cikin tagwayen ya bi ta. Ta uku ban jira ba, na kira mahauci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi sakaci da magani ba. Duk ƙarshen wata in albashi ya shigo, ina aikawa kasuwa a sayo ƙwayar tsutsa, koren nan mai tsawo, albendazol, in raba ɗaya biyu in ba kowace rabi, ƙananan kuma kwata. Shekara uku ke nan ban tsallake wata ko ɗaya ba, yana rubuce cikin kayena tare da ranar haihuwar kowace. To ina tsutsa za ta sami wurin zama? In kuma ba ita ba ce, mece ce?

Tambaya ta biyu. Ragon da ke bin su ɗan Balamin nan ce ta farko, wato yana hawan uwarsa da ƙannensa. Wata abokiyar aikina ta ce jinin ne ya yi rauni. Akwai wani ƙaton Balami da dillali ya nuna mini, ya tsaya a jika 180, har na fara tunanin karɓar adashina na watan gobe in saka ciki. In na kawo shi, mutuwar za ta tsaya?

Ɗan Kabu-kabu 227

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya mayar da alheri. Ni dai ina zargin abu biyu. Ko dai annobar nan ta awaki da tumaki da ake yi wa lamba, PPR, ko kuma leda. Tunkiyar maƙwabcina da aka yanka bara, abin da aka ciro daga tumbinta ya cika kwano, leda ce ta dunƙule da igiya da tsumma. An ce tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan, amma leƙa kowace kwata a garin nan ki gani. Ki sa a yi musu allura mai ƙarfi.

Ɗan Gulbi, ma'aikacin lafiyar dabbobi

Malama sannu da haƙuri. Kayen nan da kike rubutu ciki ya sauƙaƙa mini aiki, da duk masu kiwo haka suke da mun huta. Ba zan yanke hukunci daga salula ba, amma bayaninki ya yi kama da abu guda ƙwarai.

Ɗan'uwa mai kabu-kabu, PPR ba haka take zuwa ba. Ita zazzaɓi ne, da majina mai kauri, da kwantsa, da gyambo a baki, sannan zawo mai wari, kuma takan bi garke cikin kwanaki kaɗan. Tun 1942 aka fara bayyana ta a Kodebuwa, a 2015 kuma ƙasashe suka taru a Abijan suka ɗauki alkawarin kawar da ita daga duniya kafin 2030, kamar yadda aka gama da bushiyar shanu a 2011. Lambarta tana da kyau, allura ɗaya na kare dabba shekara uku ko fiye, don haka Malama in masu lamba sun zo unguwa ki fito da su duka. Leda kuma rama take sawa a hankali, dabba ta rage ci, ciki ya yi tauri. Ba ta zaɓar damina, ba ta zaɓar mai shayarwa.

Abin da ke kumbura haɓa ba zawo, a tsakiyar damina, ya fara da mai jego da 'ya'yanta, mu tsutsa mai shan jini muke fara nema. Sunanta a littafi Haemonchus contortus. Ba a hanji take ba, tana zaune a ɗaki na huɗu na ciki, na ƙarshen nan da ke haɗe da hanji. Siririya ce kamar gashi, tsawonta santimita 2 zuwa 3, macen in kin duba da kyau ja da fari ne a murɗe kamar igiya. Kowace ɗaya tana jawo asarar jini kusan mililita 0.05 a rana. Kamar ba komai ba ko? To ki yi lissafin da kike ba 'yan aji: tsutsa 5,000 sau 0.05, kwatan lita ke nan kullum, alhali tunkiya mai kilo 40 duk jinin jikinta bai wuce lita 3 ba. In jini ya tsinke, ruwansa ba ya zama cikin jijiya, sai ya tsiyaye ya taru inda ya fi ƙasa. Dabba ta wuni kai a sunkuye tana kiwo, shi ya sa kike ganin kumburin da yamma, da safe ya ragu.

Yadda take yaɗuwa kuma shi ne ya sa filin nan naku ya zama tarko. Mace ɗaya na saka ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, suna fita da kashi. In akwai zafi da laima, ƙasa da mako ɗaya sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan tsutsar da ido ba ya gani, suna bin raɓa su hau gindin ciyawa, tunkiya ta haɗiye. Bayan mako uku su ma sun fara saka ƙwai. Da rani rana tana ƙone na ƙasa, amma na cikin ciki sukan shige bangon ciki su yi barci, ba ci ba girma, sai damina ta kusa su farka. Masu bincike sun nuna wannan a tumakin Zariya tun shekarun 1970, Zariya ta Najeriya nake nufi, ba taku ba. Tunkiya kuma in ta kusa haihuwa har zuwa makonnin farko na shayarwa, ƙarfin jikinta na yaƙi da tsutsa yana faɗuwa, ta zubar da ƙwai fiye da kowa, 'ya'yanta kuma su fara koyon cin ciyawa a daidai inda ta zubar. Mai tagwaye ta fi kowa shiga wannan hali.

Yanzu maganar magani, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙwazon nan naki na kowane wata yana iya zama shi ya kawo ki nan. Albendazol ba ya zama a jiki, cikin kwana biyu ya fita, gobe ta koma turke ɗaya ta kwashi sabbi. Wannan ɗaya. Na biyu, rabin ƙwaya. Ki duba kwalin, in mai miligiram 300 ce, ita ɗaya ɗin ta dabba mai kilo 40 ce ko abin da ya ɗan ɗara, Balami babba kuwa ta wuce haka. Rabi yana kashe tsutsotsi masu rauni, ya bar masu taurin kai. Wata mai zuwa a sake kashe masu rauni a bar 'ya'yan masu taurin kai. Sau 36 kin yi wannan tankaɗe. Abin da ya rage a rariya su ne waɗanda maganin ba ya yi wa komai. Na uku, ƙwayar da ta yi wata da watanni a faranti cikin rana, ba wanda ya san inda ta fito, wani lokaci alli ne da kala.

Wannan ba a nan aka fara ganinsa ba. Afirka ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi shan wuyarsa, don manyan gonakin tumakinsu sun yi ta ɗura magani a kan kalanda har tsutsa ta gagari kusan kowane iri. Ko ibamektin, wanda ya shigo kasuwa a 1981 ana ganin an gama da tsutsa, har waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, suka sami kyautar Nobel a 2015, bai cika shekara goma ba aka sami wadda ba ta jinsa a can. Daga wannan wahala ce wani likitan dabbobi nasu, Faffa Malan, da abokan aikinsa suka fito da dabarar da ake kira FAMACHA a shekarun 1990. Kati ne mai launi biyar, daga ja jawur lamba 1 zuwa fari fat lamba 5. Ki kai dabba inda akwai hasken rana, ki danna fatar ido ta sama a hankali, ki ja fatar ido ta ƙasa, ki dubi naman ciki nan take kafin ya sake launi. Mai 1 da 2 a bar ta. Mai 4 da 5 a ba ta magani yau. Mai 3 a ba ta in ƙarama ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa.

Hikimar ita ce, bincike ya nuna ba a raba tsutsa daidai a garke. 'Yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta. In kin yi wa waɗannan magani kin bar sauran, tsutsotsin da ba su taɓa ganin magani ba za su ci gaba da auratayya da masu taurin kai, jinin taurin ya surke, maganin ya daɗe yana aiki. Na san yana da wuyar haɗiya a ce wa mai kiwo ka bar wasu tsutsotsi da gangan. Ni ma da na fara jin haka a makaranta na ɗauka malamin wasa yake.

Abin da za ki yi gobe: ki duba idon duka goma ki rubuta. Ki je ofishin kula da dabbobi ko farmasin dabbobi mai lasisi, a ba ki magani daga wani gida daban, kamar lebamizol, a auna shi da nauyin dabba, don shi in ya yi yawa yana bugarwa. Masu sabon ciki kada a ba su albendazol a wata na farko, yana iya lalata ɗan. Sannan ki tambayi mahaucin abin da ya gani: yaya jinin, yaya hanta, ya buɗe ɗakin nan na huɗu?

Baba na Dakoro

Salamu alaikum. Jikana ka rubuta mani, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen ga. Ɗiyata, Allah shi ba da haƙuri.

Abin da yaron ga likita ya hwaɗi na ji shi, kuma mahi yawansa mun san shi, sunan Turanci ne ba mu da shi. Tun ina yaro Tibiri ubana ba shi barin a saki bisashe da raɓa. Sai rana ta ɗaga, ciyawa ta sha iska. Cewa shikai raɓa na sa hanta. Ku kuwa kuna kai su tun da duhu, ku ɗaure su bakin ruwa, turke guda tun farkon damana. Ɗiyata ko mutum anka ce shi ci inda shika zagayawa ai ba shi kai wata biyu.

Amma in ƙara da abin da bai tsaya kai ba. Hilin da ruwa ka kwanciya, kada a manta da ciwon hanta. Na yi shekara goma sha ina sayen tumaki wajen Madarunfa, na ga hantar da anka yanka tana hitar da abin nan mai kamar ganyen magarya, jijiyoyinta sun yi hwari sun yi tauri. Ita ma tana kumbura haɓa, tana tsinke jini. Dodon koɗi ƙanana na bakin tabki ka riƙe ta. Bambancin da na sani, ita ba ta gaugawa, sai kaka ta wuce an shiga ɗari kake ganin aikinta. In yaro ya ba ki maganin tsutsa alhali hanta ce, kin yi asarar kuɗi.

Maganar rago kuwa, kada ki taɓa adashinki. Ragon jika 180 ragon ido ne, an turke shi a inuwa ana ba shi dusa da ƙuli, bai san wahala ba. Ki kai shi kwarin nan, shi za ya riga su kwantawa. Ni da Balami ba mu da faɗa, ita ka kawo kuɗi ran salla, amma bakinta babba ne, in ba ki iya cika shi ba ta yahe maki. Uda ta hi ta jimrin tahiya da yunwa. Canza rago dai ki canza, don ɗa shi hau uwa tai ba kiwo ba ne, ɗiyan na hitowa ƙanana. Ba sai kin saya ba. Ki sami mai rago nagari wata unguwa ku yi musanya, ko ki kai mashi tumakin su kwana biyu in sun nema. Mu haka munka taso.

Abu guda da ni ka so likitoci su riƙa tunawa in suna cewa a canza wurin kiwo: ina wurin? Da can daga nan har Tarka daji ne. An yi doka tun 1961 an ce ga iyakar noma, arewa da nan na makiyaya ne, yau je ka ga gero inda anka ce kada a shuka. Burtali ya zama siriri kamar hanyar tururuwa, abin da ya rage kuma garmani ya cinye shi, ba gadagi ba ƙarangiya, ciyawar da ko jaki sai ya rasa shika taɓa ta. Shi ya sa kowa ka turmutsuwa kwari guda. Abin da ya taimake mu gawo ne. Tun da anka koma barin itace cikin gona, sassaben zamanin nan, ɗiyan gawo sun samu, kuma tunkiya mai shayarwa in tana samun su da 'yar harawa ba ta faɗuwa da wuri. Ki nemi buhu ki aje tun da rani, kahin 'yan turke su tada kuɗinsa.

Ɗan Gulbi, ma'aikacin lafiyar dabbobi

Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara. Hanta tana cikin lissafi, kuma lebamizol da ibamektin ba sa taɓa ta, nata maganin daban ne. Shi ya sa na ce a tambayi mahauci.

Maganar turke da kuka yi, an gwada ta da ma'auni. A tsibirin Tonga, can tekun Pasifik, masu bincike sun raba fili goma, awaki su yi kwana uku da rabi a kowane, ba su dawowa na farko sai bayan wata guda, kuma buƙatar magani ta ragu sosai. Dalili biyu ne: an tashi kafin ƙwan da aka zubar ya zama abin kamuwa, kuma a ƙasa mai zafi 'yan tsutsar ba sa daɗewa a ciyawa, cikin makonni kaɗan yawancinsu sun mutu, ba kamar Turai da suke wata da watanni ba. Mu ba mu da waya ta shinge fili goma, amma mai turke ai ya fi mai shinge sauƙi, cire shi kawai zai yi ya kafa gaba. Inda maganar Baba ta fi ƙarfina shi ne in wasu suka zo suka ɗaure nasu a inda ka tashi. Wannan ba likita ke warware shi ba.

Maman Nafisa, unguwar Zariya, Maradi

Na gode ƙwarai, Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya, a gaida jika mai rubutu. Kwana biyu ban leƙo ba, ina can ina aikin da kuka ba ni.

Mahaucin na same shi. Ya ce jinin kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, naman fari, har ya yi mini ragi a kuɗi saboda haka, abin da ya ɓata mini rai a ranar ban san gaskiyarsa ba ce. Hanta ya ce lafiya lau, shi da kansa ya gasa ta. Ciki kuma yaronsa ne ya wanke, ya ce ya ga abu ja-ja kamar zaren buhu manne a jiki, ya ɗauka saiwar ciyawa ce.

Ido na duba, ni da yaron, ƙarfe tara a tsakar gida. Ba ni da katin, hotonsa aka turo mini a salula, na san launin gilashi ba daidai yake da na takarda ba, don haka na raba su uku kawai kamar yadda nake raba 'yan aji: ja, tsaka-tsaki, fari. Huɗu ja. Uku tsaka-tsaki. Uku fari, ɗaya ma har gabana ya faɗi, kamar farar takarda, kuma ita ce ragowar tagwayen nan. Ga abin da ya sa na zauna na yi shiru: huɗun nan ja, tsohuwar Uda ce da 'ya'yanta biyu da jikarta. Fararen ukun kuwa duk zuriyar Balamin ce. Na koma kayena na bi shekara uku baya, duk wadda na taɓa rubuta wa "ta rame" ko "ba ta da kuzari" a watan takwas, gidan Balamin ce. Abin yana gabana da rubutun hannuna ban taɓa haɗa shi ba. Kuma tsohuwar Udar nan ita ce na yi niyyar sayarwa bana, don 'ya'yanta ba sa cika ido ran salla.

Na kai fararen ukun da tsaka-tsakin biyu masu shayarwa a amalanke wajen likitan dabbobi, ya rataye su a sikeli cikin buhu. Wadda nake ba rabin ƙwaya kilonta 47. Na ji kunya. Ya ba su lebamizol, ya ba tsaka-tsakin biyu masu shayarwa, ya ce sauran biyar kada in taɓa su. Ya ɗebi kashin biyar ɗin da aka yi wa magani a 'yan ledoji ya rubuta suna. Ƙwayoyin da suka rage mini na nuna masa, ya juya kwalin ya nuna mini ba ranar lalacewa, ba sunan ƙasar da aka yi.

Ɗan Gulbi, ƙanena, tambayata yanzu: abin da na gani a gidan Uda gado ne ko sa'a? Don in gado ne, lissafin kiwona gaba ɗaya ya canza.

Ɗan Gulbi, ma'aikacin lafiyar dabbobi

Yaya, akwai gado a ciki, wannan tabbas ne. A Kenya cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta yi shekaru tana gwada jajayen tumakin Masai da Dorper, wani iri mai nama da aka kawo daga Afirka ta Kudu, a kiwo ɗaya. Dorper ta fi girma, amma inda tsutsa ta yi yawa ta Masai ta fi ta riƙe jini, ta fi ta ƙarancin ƙwai a kashi, 'ya'yanta kuma sun fi rayuwa. A Ostareliya da Niyu Zilan kuwa yawan ƙwan tsutsa a kashi na cikin abin da ake dubawa kafin a zaɓi ragon iri. Sai dai kada ki ɗauki tumaki goma ki yanke wa Balami duka hukunci. Abin da kayenki ya nuna shi ne gidan wannan Udar ya fi gidan waccan Balamin, kuma kar ki manta gidan Balamin ne ɗa ke hawan uwa, su ne kuma masu tagwaye. A cikin kowane iri akwai masu jimiri. Ki ci gaba da duba ido duk mako biyu har ruwa ya ɗauke, ki ƙara layi ɗaya a kaye. Wadda ta nemi magani sau uku a damina ɗaya, ita ce ta kasuwa, ko da ta fi kowa kyau. In za ki yi musanyar rago kamar yadda Baba ya ce, ki je ganinsa yanzu cikin damina, ki ja fatar idonsa, ki tambayi ko uwarsa na nan ki ga nata.

Kashin da likitan ya ɗiba, ki tabbata kin koma bayan kwana 10 zuwa 14 an sake ɗiba. Za a ƙirga ƙwai a madubin awo kafin magani da bayansa. In bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, wannan maganin ma ya fara sanyi a garkenki, sai a sake shawara. Fararen ukun kuma kada su koma fili yanzu. Magani yana kashe tsutsa ne, ba ya mayar da jini, wannan aikin harawa ne da 'yar ƙuli, kuma yana ɗaukar makonni. Wadda aka yi wa magani kada a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika.

Maman Nafisa, unguwar Zariya, Maradi

To na ji. Na kira dillali na ce ya nemi wani mai sayen, ya ce zan yi nadama, na ce to. Turaku mun sassaƙa sababbi, mun auna filin da taki ni da maigida jiya da la'asar, wuri takwas ya bayar in an bar kwarin, ba goma ba, don haka kwana huɗu-huɗu za mu yi. Rigimar da ta rage ta yaron ce. Ya ce in sai raɓa ta bushe zai fita, rana za ta same shi a hanya, kuma ƙwallonsu na hantsi ya tafi. Mun daidaita a kan dala ashirin kullum da hular kaba. Ƙaramar nan mai farin ido tana bayan ɗakin girki, da safen nan ta tashi da kanta ta zo bakin tano.